Garmahon Garuba

Ƙarfe takwas da rabi na safe aka kawo wa Sufeto Mutaru labari: an tsinci gawar Garuba a bakin rafin bayan Zongo, an fasa masa ƙeya.

Duk Zongo an san Garuba, ana kuma yi masa dariya. Wani Bature mai nazarin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai ne ya ba shi garmaho da faifan kukansu. Da sassafe zai kafa raga ya kunna faifai, tsuntsaye su faɗa, ya sa musu zobe mai lamba a ƙafa, ya sake su. Nama ya zo hannu ka sake shi, ai dole a yi dariya.

Munkaila, mai sayar da soyayyun tsuntsaye a tashar lori, shi ya kawo rahoton.

"Massa, ƙarfe takwas na iso bakin rafin, na ga ƙanensa Moro yana gudu. Jiya ma sun yi faɗa."

Aka kulle Moro yana kuka. Hukuncin kisan kai rataya ne, ya kuwa sani.

Likita ya ce tun kafin shida Garuba ya cika. Amma Memuna mai koko, wadda teburinta ke kusa da rafin, ta rantse. "Walahi akwatin nan bai yi shiru ba sai takwas. Ya cika mani kunne."

Sufeto ya wana garmahon, ya zuba wa agogonsa ido. Minti uku kukan ya ja, ya mutu.

Ke nan sai an yi ta sake wana shi. Wani ya zauna kusa da gawa awa biyu cur yana wanawa!

Sufeto ya nufi tasha. Tiren Munkaila ya cika har ya yi tozo. Sufeto ya tona da yatsa, ya ɗago wani ɗan tsuntsu soyayye, ga zobe yana ƙyalli a ƙafarsa.

"Wa ya wana garmaho, Munkaila?"

Munkaila ya zube ƙasa. "Shekara biyu ina roƙonsa ya sayar mani da tsuntsayen, yana sakinsu a idona. Yau na buga masa dutse."

"Ka kashe mutum, ka zauna?"

"Suna ta faɗowa raga, massa. Yaya zan tashi?"

Aka tasa ƙeyar Munkaila da ankwa.

Da aka buɗe wa Moro, bai tambayi wanda ya yi ba. Ya ce, "Sufeto, an binne Yaya?"

"Tukuna. Yi sauri, kai ake jira."