Hoton da Inna Ta Ƙi

Mai gyaran agogo ne, amma hankalinsa ba ya kan agogo. Tsofaffin kyamarori yake tarawa, irin waɗanda ake dannawa su tofo hoto nan take. Sun cika kantar falo, sun hau kan sif, kwalayen fim ɗinsu sun cinye rabin firij, wai zafi na lalata su. Matarsa, Maman Auta, duk ta buɗe firij neman wurin ajiye miya sai ta ja tsaki ta rufe.

Mahaifiyarsa Inna tana zaune da su. Tun tasowarta ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. "Fuskata tawa ce," take cewa, "ba ta ratayewa a bango ba ce."

Wata rana da almuru, kaji sun shige, iska ta tsaya cik, Inna na kan tabarma a bayan gida kusa da makwarara tana tsefe wa jikarta Auta kai. Maman Auta na kwashe shanya ta hango mijinta yana sanɗa, kyamara a ƙirji. Kafin ta buɗe baki haske ya walƙa. Wani abu ya tsala ƙara a gindin katanga, kamar kyanwar da aka taka wa jela.

"Ka sace ni," in ji Inna. "Da magariba kuma, ko bisimilla babu."

Dariya ya yi, ya cusa hoton a hammata don ɗumi ya fito da shi.

Ba a daɗe ba ciwon Inna ya tashi, Allah ya karɓi abinsa. Hoton nan shi kaɗai ya rage na fuskarta a duniya, ga shi irin wannan ba a wanko na biyu. Mai agogo ya sa shi a aljihun gaba, ba ya rabuwa da shi.

Sai jifa ta fara. Da an kira magariba tsakuwa za ta dinga sauka kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, a leƙa babu kowa. Daga baya aka soma jin mace tana lallashin yaro a bayan gida. Auta kuwa, budurwar da ba ta taɓa ciwon ido ba, ta fara lalube. Tun tana cewa duhu-duhu take gani, har ta kai ba ta gane uwarta sai ta murya. Asibiti suka ce idonta lafiya lau.

Maman Auta ta fizge hoton daga aljihunsa ta duba. Ga Inna, ga Auta. A bayan Inna ga wani ɗan abu dishi-dishi, hannu ɗaya a kafaɗarta, ɗayan ya rufe ido.

"Tabo ne," ya ce. "Fim ɗin ne ya tsufa."

"Tabo mai yatsu? Kai dai girma ya zo, hankali bai biyo shi ba. 'Yarka na makancewa kana yi mini bayanin fim!"

Ba ta nemi izininsa ba, ta aika aka kira Malam, wani dattijo mai ruƙiyya. Bayan sallar magariba ya zauna a falo, ya dubi kyamarorin nan masu ido ɗaiɗai, ya sa aka lulluɓe su da zane. Ya fara karatu a hankali. Ɗakin ya yi tsit, jifa ta tsaya. Can sai Auta ta miƙe zaune, wuyanta ya sandare, wata murya ta tsohuwar mace ta fito daga bakinta.

"Daina ƙona ni. Ni aka zalunta."

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Maƙwabciyarsu. Tun kafin a yi katangar nan nake wurin. Tsohuwar ta san da mu, ba ta taɓa watsa ruwan zafi ba ta yi sallama ba. Ɗana ya saba zama bayanta. Wannan sakaran ya watsa masa wuta a ido, ya kulle shi a takarda, yana yawo da shi a aljihu. Idon 'yarsa nake so, a madadin na ɗana."

"Yarinya ba ta yi miki komai ba," in ji Malam. "Ba za ki samu ba. Faɗi wani."

Ta yi gurnani. "To a ba ni takardar."

Mai agogo ya dafe aljihu. "Malam, fuskar uwata ce. Ba ni da wata. A kawo almakashi a yanke mata nata gefen."

"Ka yanke hannun ɗana?" Muryar ta girgiza tagogi.

Mai agogo ya zaro waya, ya ɗauki hoton hoton. Baƙi ƙirin ya fito. Ya sake, haka.

Maman Auta ta tashi tsaye. Ba ta taɓa ɗaga masa murya gaban baƙo ba sai ranar.

"Tana da rai ta hana ka, ka ƙi ji. Yanzu takarda ce uwarka? Dubi wadda ke numfashi! Wallahi in ba ka miƙa ba, ni zan yage aljihun."

Ya dubi Auta, idanunta a buɗe ba sa ganinsa. Ya zaro hoton, ya ƙura masa ido har sai da Malam ya yi gyaran murya. Da kansa ya kai shi gindin katanga, ya yi bisimilla, ya kife shi. Malam ya sa muryar ta rantse ba za ta dawo ba. Auta ta yi atishawa, ta faɗi jikin uwarta, ta ce fitila ta yi mata haske.

Da safe Maman Auta ta je shara ta tarar da hoton inda aka bar shi. Ta juya shi. Auta ce kaɗai kan tabarma, kanta rabi a tsefe. Babu ɗan abin, babu Inna.

Ta ajiye masa kusa da kofin shayi.

"Inna ta karɓi fuskarta," ta ce. "Kwashe mini fim ɗinka daga firij."