Warin Man Zurma a Motar Gawa

Wayar ta shigo ofis da hantsi, Insfekta Zdravko Belev na kurɓar gahawa. Saja Dobreva ce ta ɗauka. Da ta ajiye, sai ta tsaya tana kallon tebur maimakon ta kalle shi.

"Yallaɓai, a ƙauyen Brezak ne. Motar gawa ta ƙwace a hawan maƙabarta, ta gangaro da baya ta take matar mamacin. Iya Donka. Ta cika kafin a kai ta asibiti."

"Wa ke tuƙi?"

"Wanda ya saba."

Wanda ya saba ɗin surukinsa ne, Dattijo Tseno, mahaifin matarsa Nevena. Motar kuwa tsohuwar babbar mota ce koriya wadda ta girmi insfektan kansa. Da ita ake kwaso inabi, da ita ake kai kayan amarya, kuma duk wanda ya mutu a Brezak a bayanta yake tafiyarsa ta ƙarshe, bisa darduma, jama'a na biye a ƙasa. Ba a taɓa ganin wani a sitiyarinta ba sai Tseno.

Sun iske motar ta kafa gindi a katangar wata gona. A mararrabar da ke tsakiyar hawan abin ya faru, inda ake tsayawa limamin coci ya yi wa mamaci addu'a. Tseno na zaune bisa dutse, hularsa a hannu. Mutumin da ke ruɗa majalisa da tsawa, yau ko ƙuda ba ya iya korewa.

Belev ya rusuna. "Baba, sannu. Dole in yi maka tambaya."

"Yi aikinka."

"Me ya faru?"

"Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa. Na hannu kuwa ka san ado ne."

"Wa ya taɓa birkin kwanan nan?"

Kafin tsohon ya buɗe baki, jama'a suka amsa masa. Mincho ne, makanikin ƙauyen. Watan jiya ya cire tsofaffin bututan birki da suka yi tsatsa ya sa sababbi, ya canja tukunyar man birki da makanikai ke kira masta.

"Sabon kaya, sabuwar gawa!" in ji wata mata. "Motar da ta kai kakanninmu lafiya!"

"Kai fa, Baba? Ka buɗe ta bayan gyaran?"

"Me zan nema a ciki? Ni na san kan kayan zamani ne?"

Belev ya ɗaga murfin injin, ya kwance marfin mastar, ya kai hanci. Nan take ya mayar ya ɗaure.

"Me ka gani, yallaɓai?" Saja ta tambaya.

"Ba komai. Mai ne."

Ƙaryar farko da aka yi wa 'yan sanda a ranar ta Tseno ce. Ta biyu ta insfekta ce, kuma kunnuwansa sun ɗau zafi tun kafin ya rufe baki.

Da la'asar aka kawo Mincho caji ofis, don 'yan uwan Donka sun fara jifan garejinsa. Siriri ne, baƙin mai a farata, 'ya'yansa mata na kuka a bakin ƙofa.

"Kai ka yi gyaran?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Ka gwada?"

"Wataƙila ban ɗaure wani wuri da kyau ba. Laifina ne. A rubuta."

Da a ce Belev kaɗai ne a ɗakin, Allah kaɗai Ya san abin da zai rubuta. Amma Saja Dobreva ba ta barin aiki rabi da rabi. Ta dire kwalba biyu a tebur. Ɗaya man da ta ɗebo daga garejin Mincho, garau kamar ruwan famfo. Ɗaya wanda ta koma ta zuƙo daga motar, jajaja, da gudaji kamar nonon da ya tsinke.

"Na duba bututan, ko ɗigo babu," ta ce. "Robobin cikin mastar ne suka kumbura suka saki. Mincho, wannan jan, kai ka zuba?"

Mincho ya sunkuyar da kai.

"Ka san shekarun da ake yanke wa wanda sakacinsa ya kashe rai?"

Mincho ya ɗaga kai ya dubi insfekta, ba Saja ba. "Yallaɓai, shi ya koya mini riƙe sifana. Ina maraya ya ɗauke ni. Me kake so in ce?"

Belev ya rasa inda zai sa idonsa. Makanike na shirin shiga kurkuku don ya rufa wa Tseno asiri, shi kuwa da ke cin albashi don faɗin gaskiya ya shinshina ta tun safe ya mayar da marfi.

"Shinshina, Saja," ya ce a hankali. "Man zurma ne da barasar inabi. Haka direbobin zamanin baya suke haɗa man birkinsu, lokacin da babu na kanti."

"Yaya aka yi ka sani, yallaɓai?"

"Ranar aurena ni na riƙe wa surukina mazurari."

Washegari da rana ya shiga gidan surukinsa da kaki a jiki, abin da bai taɓa yi ba. Nevena na can tun jiya. Ta dubi kakin, ta dubi Saja da ke tsaye a ƙofa, ta ajiye kwanon miyar wake.

"Zdravko, a gidan ubana?"

Belev ya ratsa tsakar gida. Ya wuce rumfar da ke ƙarƙashin inabi. Mazurarin na rataye a ƙusarsa ta kullum, bakinsa da danƙo, a ƙasa ga kwalbar man zurma ta kusa ƙarewa.

"Na ciwon ciki ne," in ji Nevena da sauri. "Ni na saya masa."

"Bari, 'yata," Tseno ya faɗa daga bakin tebur. "Kada ki ƙara taki a kan tawa."

Belev ya kawo mazurarin ya ajiye a gabansa, ya cire hula. "Baba, Mincho ya ce laifinsa ne. Ya ce a rubuta."

Tsohon ya dubi mazurarin.

"Wawa," ya ce. "Tun yana yaro wawa ne." Ya share ido da bayan hannu. "Ranar da ya gama gyaran na leƙa, na ga abu fari kamar ruwa. Na ce wannan ne zai tsayar da mota a hawan maƙabarta? Na tsiyaye shi, na zuba nawa. Shekara da shekaru nawa bai taɓa ba ni kunya ba. Ina zan san robar zamani ba ta shan shi?"

"Jiya da na tambaye ka fa?"

"Gaban mutanen da na kai iyayensu kabari? Donka na kwance a ƙasa? Bakina ya ƙi." Ya miƙe da ƙyar. "Kai ma ka ji warin, ai. Na ga fuskarka."

"Na ji, Baba."

"To mu biyu ne. Ɗauko mini kwat, Nevena. A saki yaron nan kafin 'ya'yansa su kwana biyu ba uba."

Belev ya buɗe masa ƙofar gaba ta motar 'yan sanda. Tseno ya wuce ta, ya shiga baya kusa da Saja.

Hanyar gari ta mararrabar nan take bi. Suna isowa suka ci karo da jama'a na hawowa. Donka ce ake kaiwa maƙabarta. Motar gawa na hannun hukuma, don haka a kafaɗa aka ɗauko ta, maza shida na haki, wasunsu furfura fal. Ko dattawan Brezak ba su taɓa ganin haka ba.

Belev ya taka birki, motar ta tsaya cak. Tun da ya auri Nevena bai taɓa tsayar da mota Tseno na ciki ba tare da tsohon ya gyara masa takun ba. Ya jira. Bai ji komai ba.

Da ya dubi madubi, sai ya ga tsohon ya cire hula ya sunkuya har goshinsa ya kusa gwiwa, don kada masu wucewa su gan shi ta taga. Mutanen suka gan shi duk da haka, suka wuce ba wanda ya ce uffan. Belev ya kashe injin, shi ma ya sunkuyar da kai bisa sitiyari har akwatin gawar ya wuce.