Hasashen Muzammilu

Duk ranar Laraba bayan la'asar, matan gidan Malam Attahiru da ke Sabon Birni sukan jingina waya ɗaya a jikin turmi, su baje tabarma su kalli Mai Nuna Hanya. Fim ne mai dogon zango a kan wani ƙauye da 'yan bindiga suka addaba. Kowa a ƙauyen ya san akwai infoma a cikinsu, mai gaya wa mutanen daji gidan da aka sayar da shanu, amma ba a taɓa nuna fuskarsa ba. Hannunsa kawai ake gani riƙe da 'yar ƙaramar waya.

Sadiƙa, 'yar Malam ta fari, ita ce mai wayar. Muzammilu, saurayin da aka sa musu rana bayan kaka, shi ke kawo mata sabon kashi har ƙofar gida. Mutumin Isa ne, ya zo Sabon Birni ya buɗe shagon cajin waya da tura finafinai. Da yake sabis ɗin garin yau akwai gobe babu, yakan hau babur ya nufi wajen Burkusuma inda ake kama na Nijar, ya sauke fim ya juyo.

Ran nan, da kashi ya ƙare, gardama ta tashi kamar kullum. Luba maƙwabciya ta ce ɗan acaɓa ne infoman. Gwaggo Uwa, ƙanwar Malam, tana can gefe tana gyaran zogale. Ta dawo gidan wanta ne daga wani ƙauye kusa da Gangara, bayan 'yan bindiga sun ɗauke mijinta a gona bai sake dawowa ba. Ba ta matsowa kusa da wayar, amma ba abin da ke wuce ta.

"Wakili ne," ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba. "Abokin mai gari. Ku dubi yadda shike kuka wurin ta'aziyya, ya hi masu gawa."

Aka yi mata dariya. Sadiƙa ta ce, "Haba Gwaggo, Wakilin da ya sai da ragonshi don a fanso yaro? Ku tsaya ku ji abin da Muzammilu ya ce. Ya ce mai shayi ne. Duk baƙo wurinshi shike sauka, duk hira kunnenshi take ƙarewa. Kuma ya ce a lura, biredin da shike saro wa ya hi ƙarhin cikin ƙauyen. Rarar ina take zuwa in ba daji ba?"

Ta faɗa tana murmushi, tana jin daɗin basirar wanda za ta aura. Gwaggo Uwa ta ajiye zogalen a hankali.

"Ina ya san biredi na zuwa daji?"

"Fim ne, Gwaggo. Lura ce kawai."

"Mu da anka kwashe muna maza mun san biredi na zuwa daji. Shi wa anka ɗauke mishi? Kuma mi shike zuwa nema bakin iyaka shi kaɗai, ya tahi lafiya ya dawo lafiya, hanyar da mutane ba su bi sai cikin ayari?"

Luba ta ɗauki mayafinta ta ce ta bar tukunya a wuta.

Maganar ba ta kwana a gidan ba. Kafin Juma'a ta kai rijiya, ta kai injin niƙa, ta kai tasha, kuma a kowane baki tana ƙara nauyi. Wanda aka ce ya yi hasashen fim ya zama wanda ya san sirrin daji, daga nan ya zama wanda aka gani da buhun biredi a bayan babur. Mutane suka fara zuwa suna zare wayoyinsu daga caji ba sallama. Wata safiya 'yan sa-kai suka zo shagon, suka tafi da shi, suka bincike wayarsa da memorinsa. Ba su sami komai ba sai finafinai da karatun Alƙur'ani, suka sake shi da yamma, amma sun gaya masa idonsu na kansa. A wannan ƙasar kowa ya san abin da kan sami wanda wannan suna ya manne wa.

Malam Attahiru mutum ne mai sanyin hali, ya yi shekaru yana koyar da yara a zaurensa. Ya kira Sadiƙa ya zaunar da ita.

"Ɗiyata, ban ce ya yi ba. Amma 'yar uwata ta rantse ba ta zama gidan da anka ɗaura wanga aure, gari kuma ya ɗauka. Za ni aika Isa a ce a dakata."

"Baba, bakina ne ya jawo mishi," ta ce, hawaye na zuba a kan hijabinta. "Ni na kawo maganar cikin gida."

"To ki riƙe bakin yanzu. Ki yi haƙuri, ki yi addu'a."

Muzammilu ya zo sallama ranar da zai koma Isa. Ya rame, gefen idonsa a kumbure. Ya tsaya a zaure bai zauna ba.

"Sadiƙa, kin san yadda na gane zancen biredin? Kyamara ce ta tsaya kan buhun biredin mai shayi, ta sake komowa kanshi. Darakta ba shi nuna abu a banza. Shi ke nan ilimin nawa, wallahi."

"Na sani."

"Sun tambaye ni wa ke ba ni labari. Na ce mai rubuta fim. Wani ya mare ni, wai ina yi musu wayo." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "In kin ga an matsa miki, kada ki saɓa ma Malam saboda ni."

"Ba ni saɓa mishi, kuma ba ni sauraren kowa. Za ni jira."

Ta jira. Gero ya nuna aka yanke, aka ɗaure dammuna, lokacin da aka sa ya zo ya wuce ba wanda ya ambata. Kayan ɗakinta na jingine a ɗakin mahaifiyarta an rufe da tsohon zane. Ita ce ke kai wa Gwaggo Uwa ruwan alwala, ita ke shafa mata man zafi a gwiwa, ba ta taɓa ɗaure mata fuska ba. Wani lokaci takan ji gwaggon tana kiran sunan mijinta cikin barcin rana, sai fushin da ke ƙirjinta ya rasa inda zai tsaya. Kallon Laraba kuwa ya mutu, don babu mai kawowa.

Sai ga Luba wata rana da memori a ƙullin zanenta. Wani direban Sakkwato ne ya kawo wa mijinta kashin ƙarshe. Aka jingina waya a turmi. Sadiƙa ta zauna can baya. Ita da a da take alfahari duk sanda hasashen Muzammilu ya fito daidai, yau roƙon Allah take a zuci ya zama ya kuskure. Ta san in aka nuna fuskar mai shayi, Muzammilu ba zai sake taka Sabon Birni ba.

Malam, wanda bai taɓa kallon fim ba, ya fito daga zaure ya tsaya a bakin ƙofa da carbi a hannu.

A cikin fim aka bi mai shayi da buhunsa, sai ga shi ya shiga wata makarantar firamare inda 'yan gudun hijira ke kwana, yana raba wa yara biredi. Daga nan aka nuna hannun nan mai riƙe da ƙaramar waya, kyamara ta hau sama a hankali har ta kai fuska. Wakili ne.

"Ban ce ba?" Gwaggo Uwa ta miƙe zaune. "Tun farko na ce shi ne, kunka yi min dariya."

"Kin ce, Uwa," Malam ya amsa daga bakin ƙofa. "Ke kaɗai kika cinka duk unguwar nan. To gaya min, ina kika san hanyar infoma?"

Ta juyo ta dube shi.

"Yaya, ni kake..."

"Tambayar da kika yi ma yaron mutane ce na mayar miki. Shi ya kuskure, ke kin dace. In aika a kira 'yan sa-kai?"

Gwaggo Uwa ta ja gefen zanenta ta rufe fuska. Kukan da ba ta yi ba tun zuwanta gidan ya ɓalle mata. Sadiƙa ce ta taso ta riƙe ta.

"Ni ma ban kuɓuta ba," Malam ya ce a hankali. "Da mai rubuta wanga abu ya ga dama ya ce mai shayi ne, da mun gama da ɗan Musulmi. Na bar mutuncin mutum a hannun wanda bai ma san da mu ba."

Ranar Juma'a ya tashi bayan salla ya faɗa wa jama'a cewa zancen daga gidansa ya fito, kuma ba shi da tushe. Washegari ya shiga motar Isa. Gwaggo Uwa ta ce sai ta bi shi, duk da ciwon gwiwa da tsoron hanya. A gaban mahaifiyar Muzammilu ta durƙusa, ta kasa cewa komai sai, "Ku yafe min. Wanda ya nuna mijina nike nema a fuskar kowa."

An ɗaura auren ba da wani taro ba, aka kai amarya Isa, inda Muzammilu ya sake buɗe shago. Wasu a Sabon Birni har yau in an ambace shi sukan taɓe baki, don zargi ya fi wankewa saurin tafiya. Shi kuma ya bar hasashe. In matasa suka taru a shagonsa suna gardamar wani sabon fim, suka ce, "Oga, kai mi ka gani?" sai ya ce su jira ƙarshe.

Haƙurin Sadiƙa ya kai ta ɗakinta ba tare da ta saɓa wa mahaifinta ko ta wulaƙanta gwaggonta ba. Abin da ya rage ga mai karatu shi ne ya kiyayi zato. A fim, in ka zargi mutum ka kuskure, dariya za a yi a jira wani kashi. A cikin gari kuwa, wanda ka nuna da yatsa yana da uwa, yana da wadda ke jiransa, kuma ransa ɗaya ne.