Jiran Maganar Malam Nata'ala

A Ƙofar Ɗan Agundi Isyaku ya fara ganin Lauratu, tana ɗauke da takalman da mahaifinta ya ɗinka. Ba ta gama buɗe baki ba ya ce, "Na san me za ki tambaya, hanyar kasuwa ce."

Ta yi murmushi. "Cewa zan yi ka taka mini bakin zane, Sarkin Sauri."

Halinsa ke nan. Dillalin huluna ne, da bakinsa yake ci, kafin mutum ya kai tsakiyar zance ya riga ya shirya amsa. Amma tun ranar zuciyarsa ta tafi Koki, unguwar su Lauratu, ta ƙi dawowa. Wata uku yana zuwa zance, har lokaci ya yi da zai gaida mahaifinta.

Mahaifin nata, Malam Nata'ala, baduku ne mai i'ina. Isyaku ya durƙusa a zaure, dattijon ya fara, "Yaro, ina so... so..."

"Ka san asalina? Ɗan Kabara ne ni, Baba!"

Malam ya sake farawa, Isyaku ya sake ƙarasa masa, wai shi a dole taimako yake yi. A karo na uku dattijon ya ɗauki basillarsa ya ci gaba da ɗinki. Washegari aka aiko kada ya ƙara zuwa zance. Ga kuma Sabo, ɗan maƙwabta, ya shigo nema, mutumin da komai aka ce sai "haka ne, Baba."

Abinci ya ƙi ciyuwa. Ana haka gwaggon Lauratu, Hajo, ta kawo wa Isyaku wasiƙa da ajami:

"Sarkin Saurina, ba asalinka Baba ya ƙi ba. Tun yana yaro ake ƙwace masa magana a baki, abin yana yi masa ciwo. Sabo gyaɗa kai kawai yake yi, jiya Baba ya ce ya maimaita abin da aka faɗa masa, ya kasa. Ni kai nake so. Ka koyi jira. Taka, Lauratu."

Kunya ta rufe shi, ya ɗaura aniya. A kasuwa ya riƙa cije harshe sai mai saye ya kai aya, har abokai suka ɗauka ba shi da lafiya. Bayan sati biyu ya ɗauki tsinkakken takalminsa ya nufi zauren, tunda ba a hana shi kawo gyara ba.

Malam ya daɗe yana dubansa. "Ina so... so..."

Amsa goma suka taso wa Isyaku, ya danne su. Ya sunkuyar da kai, ya bar kunnensa a buɗe.

"...in ji ko za ka iya ha... haƙuri da ita. Ita ma in ranta ya ɓaci, ma... maganar ba ta fita da wuri."

Ashe tambayar ke nan tun ranar farko! Idon Isyaku ya cika da ƙwalla. Ya ƙara jira, sai da ya tabbata dattijon ya gama.

"Zan jira ta, Baba, komai daɗewa."

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure. Da aka kai amarya, jama'a suka watse, Lauratu ta ɗaga mayafi ta ce, "Sarkin Saurina, ina so..." Sai ta yi shiru da gangan.

Isyaku ya gyara zama, yana jiran ta ƙarasa.

Ta fashe da dariya. "...Allah ya bar mu tare."

"Amin, Lauratuna," ya ce. "Kin gama?"