Tsakuwar Katangar Kaka

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, ana kiranta Auta. Gidansu yana cikin kwari, kusa da ofishin gunduma. Kakarta kuwa tana can bisa dutse, a tsohon gari.

Wata rana Malama ta koya musu tarihin gundumarsu. Ta ce da can ofishin a bisa dutse yake. Daga baya aka raba gundumar gida biyu, aka sauko da shi cikin kwari. Asibiti ya biyo baya, makaranta ma ta biyo.

Wani yaro ya ɗaga hannu. "To Malama, me aka bar wa mutanen sama?"

"Sanyi da duwatsu," in ji Malama. Ba ta yi dariya ba.

Sai ta ba su aiki. Kowa ya gina siffar gundumar a kan katako, da tsaunukanta da rafinta da iyakarta. Auta ta ƙudura sai nata ya fi na kowa.

Ranar da babu makaranta ta hau wurin Kaka. Hanyar mota a gindin dutse ta ƙare, sauran sai a ƙafa. Ta wuce tsohon ofis, wanda yanzu awaki ke kwana a ciki.

Gonar Kaka hawa-hawa ce kamar matakala. Kowane hawa yana da katangar duwatsu mai riƙe ƙasa, don kada ruwa ya kwashe ta. Babu siminti, babu laka. Manyan duwatsu ne a jere, an cusa ƙanana a tsakaninsu don kada su motsa.

Ƙananan suka burge Auta. Akwai ja, akwai fari mai ƙyalli. Ta fara zare su tana zubawa a jaka.

"Ke 'yar kwari, me kike tsinta?" Kaka ta tambaya daga bakin ɗaki.

"Tsakuwa ce kawai, Kaka."

"In ta ƙasa ce, ɗebi son ranki. Ta jikin katanga ba a taɓawa."

"To, Kaka."

Amma ta ƙasa duk laka ce. Auta ta ce a ranta, "Ɗan wannan abin ne zai hana katanga tsayawa?" Da Kaka ta shiga ɗaki, sai ta cika jakarta.

Da tsakuwar nan ta gina tsaunukan aikinta. A makaranta aikin ya zo na ɗaya. Malama ta ɗaga shi sama, aka yi ta tafi.

Ba a daɗe ba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wani maƙwabcin Kaka ya sauko da labari. Katanga ta zube.

Auta ta bi Baba suka hau. Hawa guda ya tafi gaba ɗaya. Ƙasar da masarar da aka shuka a kanta duk sun gangara rafi, sai dutse tsirara. Kaka tana zaune a gefe, ta yi tagumi.

Baba ya durƙusa ya gaishe ta. Sannan ya ce, "Inna, na sha faɗa miki. Katangar nan ta tsufa, ke ma ƙarfi ya ƙare. Ki haɗa kayanki mu sauka."

"Ofis ya sauka, asibiti ya sauka, yanzu saura ni," in ji Kaka. "Ƙasar nan a ka muka ɗauko ta, ni da ubanka, kwando-kwando. Kana goye a bayana."

"Na sani, Inna. Amma gonar da ke zubewa da kanta ba za ta ciyar da ke ba."

Kaka ta dubi Auta, sai ta kawar da kai.

Auta ta dubi katangar da ta zube. In ta yi shiru, za a raba Kaka da gidanta.

"Baba, ba da kanta ta zube ba," in ji Auta. "Ni na zare ƙananan duwatsun. Kaka ta hana ni, ban ji ba."

Baba ya juyo ya dube ta. "Su ne aka yi miki tafi a kansu a makaranta?"

Auta ta fashe da kuka. "Zan dawo da su duka."

"Ki dawo da tsakuwa," in ji Kaka. "Ƙasar fa, wa zai roƙi rafi ya dawo da ita?"

Da aka yi hutu, Auta ba ta yi wasa ba. Kullum tana ɗauko ƙasa daga gindin dutse a ƙaramin kwando. Wuyanta ya sage, tafin hannunta ya yi kanta. Baba da maƙwabta suka jera manyan duwatsu. Kaka ta nuna wa Auta inda ake cusa ƙananan.

"Buga da kyau, 'yar kwari. Ba ado ake yi ba."

Masarar wannan hawan dai ta tafi, ba a ci ko zangarniya ba. Amma katanga ta tsaya. Aka sake yin ruwa mai ƙarfi, ba ta motsa ba. Baba ya zagaya ta, ya tura da ƙafa.

"Shi ke nan, Inna. Ki yi zamanki."

Kaka ta yi murmushi, ta jawo Auta jikinta tana murza mata wuya.

Yara, kada ku raina ƙaramin abu, domin sau da yawa shi ke riƙe da babba. In babba ya ce kada a taɓa, ku bari. Kuma in kun yi ɓarna, ku faɗi gaskiya kafin laifinku ya faɗa kan wanda bai ji ba, bai gani ba.