Godiyar Mai Kumbo a Ƙarshen Saƙo

Shekara tara ina gyara masa rubutu, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Masu karatu suna kiransa Mai Kumbo, domin labaransa duk a sararin samaniya suke: 'yan sama jannati, mutum-mutumi mai kuka, birane a bayan wata. Ya iya rubutu, wannan ba zan hana shi ba. Ciniki ne babu. Duk farkon wata yakan tura wa masu karatunsa saƙo, ya ce sabon littafi na tafe, an rage farashin tsoho, wanda ya fara amsawa yana da kyauta. Mutum arba'in da ɗaya ne a jerin masu karɓar saƙon, kuma ƙanwarsa ce ke cinye kyautar kullum, don ita kaɗai ke amsawa.

Abin ya ci masa rai. Wata rana da hantsi ya ce in raka shi unguwa, ni kuma da rashin wayo na bi. Ɗakin wani boka ne mara taga a bayan wani shagon gyaran talabijin. An shimfiɗa jan ƙyalle da maiƙo ya mayar baƙi, ga ƙahoni bakwai a kife, ga tukunya an naɗe mata wuya da gashin mutum, ga madubi an juya fuskarsa bango. Ƙarnin jini ya cika ɗakin. Bokan kuwa tsaf yake kamar ma'aikacin ofis, wannan ma ya fi ba ni tsoro.

Mai Kumbo ya ce so yake a karanta shi ko'ina, kuɗi su biyo baya. Ya kuma gindaya sharaɗi, shi a dole mai ilimi: ba zai yanka komai ba, ba zai ba da kowa ba.

"Wa ya ce ka ba da wani?" in ji bokan. "Godiya kawai za ka yi. Duk saƙon da ka tura, ka rufe shi da gode wa mutum ɗaya na gidanku, da cikakken sunansa."

"Shi ke nan?"

"A wajenka dai, shi ke nan."

Bokan ya sa shi ya tsoma yatsa a tukunyar ya dangwala a fuskar wayarsa. A hanya na ce maganar ƙarshen nan ba ta kwanta mini ba. Ya yi dariya, wai mai gyaran rubutu ba ya rasa abin ja wa layi.

Saƙon farko ƙanwarsa ya gode wa. Kafin mako ya zagayo jerin ya haura dubu talatin. Wani kamfanin talla ya sayi littattafan har da jerin, ya ce ya rubuta saƙonnin shekara guda a ajiye, na'ura ta riƙa sakinsu duk farkon wata. Haka ake yi a sana'ar. Ya zauna yini biyu ya rubuta sauran goma sha ɗaya, kowane da sunan wani nasa, ni na gyara masa waƙafi da aya. Hannuna yana ciki, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

Ranar da ya tare a sabon gida ƙanwar ta yanke jiki ta faɗi a kicin, ba ta tashi ba. Aka ce hawan jini. Wata na biyu mahaifiyarsa ta kwanta bayan azahar, rai ya yi halinsa. Wata na uku matarsa ta fara tsayawa a tsakar gida tana lissafa taurari da rana tsaka, daga baya sai da aka ɗaure ta. Sai a lokacin ya buɗe saƙonnin ya jera su da ranakun. Na huɗu kawunsa ne. Na biyar 'yarsa tilo, mai shekara shida, wadda ke zana masa kumbo da fensir mai launi.

Ya ruga kamfanin. Manajan ya ba shi shayi, ya nuna masa yarjejeniya, ya ce layin godiyar nan shi masu karatu suka fi so, ba mai taɓa shi. Ya koma wa boka, bokan ya ce muddin akwai mutum ɗaya da zai buɗe saƙon, sunan ya isa inda za shi. Sai ya hau shafinsa ya faɗi gaskiya duka, yana roƙon jama'a don Allah su fice daga jerin, su goge saƙon ba su karanta ba. Suka ɗauka tallar sabon littafi ce. Suka yaba masa, suka yaɗa, jerin ya ninka uku. Wata na huɗu aka binne kawun.

Ranar ɗaya ga wata na biyar ya rungume yarinyar tun safe, ya kashe duk wayoyin gidan. Tawa ce ta yi ƙara a aljihu da ƙarfe tara. Ban buɗe ba, amma wasu dubu ɗari sun buɗe. Kafin azahar hannunta ya saki wuyansa.

Yanzu yana zaune a ƙofar gidan cikin tsumma, yana tare masu wucewa yana roƙonsu kada su karanta shi. Saura sunaye bakwai, na san su a jere, kuma masu sunayen suna gaishe ni a hanya. Kai mai ƙorafin kasuwarka ba ta ci, ka kama kanka. Duk wanda ya yi maka tayin arziki ya ce ba ya son komai, ya riga ya leƙa gidanku ya zaɓa.