Shafin da Ya Ƙi Buɗewa a Kadavu

Ranar da Ilaitia ya fara aiki, ruwa ake tsugawa a birnin Suva kamar da bakin ƙwarya. Ya shigo ofis sharkaf, ya rasa inda zai zauna sai kujerar Unaisi, wadda ta fita haɗo shayi. Da ta dawo ta tsaya a kansa riƙe da kofi, tana kallon ruwan da ke ɗiga daga rigarsa. Ya ɗago, suka haɗa ido, ya miƙe da sauri har ya kusa ture kwamfuta. Ta so ta ɗaure fuska, murmushi ya ci amanarta.

Kamfanin nasu ƙarami ne, manhaja guda gare su mai suna Tavola. Da ita masu ƙananan masaukai da masu kwale-kwalen ɗaukar baƙi ke gina shafinsu na intanet, ba sai sun san kan kwamfuta ba. Duk wani maɓalli da akwatin rubutu da kalandar kama ɗaki da ke cikinta, Unaisi ce ta ƙera su ɗaya bayan ɗaya tun fitowarta jami'a. Yanzu shugabarsu, Madam Naidu, ta ɗauko Ilaitia daga Brisbane, wani birni a ƙasar waje, ya dasa wa manhajar wani babban ƙunshi na irin waɗannan kayan, gamammu masu sheƙi, sai dai mutum ya jawo ya jera.

A taron farko ya haska tsofaffin maɓallan a bango, ya ce kamar kowanne a ƙauyensa daban aka haife shi. Aka yi dariya, ban da ita.

"Ni ce uwarsu," ta ce masa bayan an tashi.

Washegari ta tarar da ƙunshin roti, wata irin gurasa, da dankali a kan teburinta, ga saƙo a waya:

"Uwar maɓallai, na yi katoɓara. Ki ci, ki yafe. In ba ki yafe ba ma ki ci, da zafinsa."

Ta mayar masa: "Ɗan Brisbane, na ci. Yafiya sai na ga halinka."

Daga nan aiki ya haɗa su, hira ta biyo baya. Sukan ci rogo da kifi a bakin teku, ya ba ta labarin kewar gida da ta dawo da shi, ita kuma ta ba shi labarin Kadavu, tsibirinsu, inda mahaifinta Rusiate ke da masauki mai ɗakuna kaɗan. Matan ƙauyen ke yi wa baƙin girki, matasa ke tuƙa su a jirgin ruwa, kusan kowane gida na ci daga masaukin. Kafin a jima ya daina cewa Unaisi, sai Una tawa.

Amma aikin bai kwanta mata ba. Sabon ƙunshin yana da kyau a ido, sai dai nauyi. Ta sha gaya masa cewa a ƙauyensu sai an hau tudun bayan coci ake samun sabis, shi ma layi ɗaya. Ya ce ya gwada, komai na buɗewa kamar walƙiya. Ta ce a ofis ya gwada. Ya yi dariya ya ce ta bar masa, zai duba kafin a saki.

Bai samu ya duba ba, don Semesa ya matsa.

Semesa shi ne mai hulɗa da masu amfani da manhajar. Ɗan Kadavu ne, ɗan aminin mahaifinta, kuma ya daɗe yana ɗaukar Unaisi tamkar an riga an ba shi. Ya yi ta faɗa wa Madam Naidu cewa lokacin baƙi ya ƙarato, masu masaukai na ƙorafi, wasu na shirin komawa wani kamfanin. Aka tambayi Ilaitia ko an gama. Ya ce an gama, aka saki sabon ƙunshin.

Mako bai cika ba Rusiate ya kira. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsoratar da ita. Tun da aka sauya shafin, kalandar ba ta buɗewa a wayarsa, sai wata da'ira ta yi ta juyawa har caji ya ƙare. Ashe baƙi na ta kama ɗaki daga ƙasashensu, shi bai sani ba. Wasu iyali sun sauka a filin jirgi da ƙananan yara da tsohuwa, suka wuni cikin rana ba wanda ya je ɗaukarsu. Sun koma sun rubuta abin da suka rubuta, sauran baƙin suka fara janyewa. Matan ƙauye sun daina yi masa magana in sun haɗu, gaisuwa kawai.

"Semesa ya ce aikin saurayin nan ne da kike yawo da shi."

"Baba, ba shi kaɗai…"

"Na tsufa ban taɓa barin baƙo a rana ba. Kar ki kawo mini shi gida, Unaisi. Ga Semesa nan, ya san mu, ya san hanyarmu."

Ba ta gama shanye wannan ba Semesa ya tare ta a matakala, fuskarsa cike da tausayi. Ya ce bai so ta ji a bakin wani ba: Ilaitia ya shiga wajen Madam ya ce tsohon aikinta ne ya ƙi haɗuwa da sabon, shi ya jawo komai.

Ta koma teburinta tana ji kamar an zuba mata ruwan sanyi. Ilaitia ya zo zai yi magana, ta sa abin kunne. Saƙonninsa suka yi ta shigowa.

"Una tawa, kin gaya mini ban ji ba. Ki bar ni in yi miki bayani."

"Ko zagi ne ki turo, zan karɓa."

Ɗaya ta amsa: "Ka ci mutuncin mahaifina, ka ɗora mini. Ka fita harkata."

Bayan kwana biyu kujerarsa ta zama wayam. Semesa ya ce ai dama irinsu haka suke, ya koma Brisbane. Unaisi ta mayar da tsofaffin maɓallanta don shafuka su buɗe, amma rabin masu masaukai sun riga sun gina nasu da sababbin, komai ya cakuɗe. Ta rame, abinci ya daina shiga. Tana fushi da shi, tana kuma duba waya.

Madam Naidu ce ta kira ta ofis ta tambaye ta me ke damunta. Da ta ji, sai ta cire tabarau ta dube ta da kyau. Ta ce Ilaitia ya shigo wajenta, gaskiya ne, amma abin da ya faɗa shi ne Unaisi ta gargaɗe shi ya yi kunnen ƙashi, in kora za a yi shi za a kora. Sunan tsohon aikinta bai fito daga bakinsa ba. Kuma ba Brisbane ya tafi ba, jirgin ruwan Kadavu ya hau.

Unaisi ta fito ta wuce Semesa a tsaye. Ya kira sunanta, ba ta juya ba.

Ita ma ta hau jirgin Kadavu. A kan tudun bayan coci ta same shi, zaune a inuwar bishiya da kwamfuta a cinya, sauro sun yi masa kaca-kaca. Mahaifiyarta ta riga ta ba ta labari: ya iso da saiwar yaƙona, wadda a al'adarsu ake miƙa wa dattawa in za a ba da haƙuri, ya durƙusa gaban Rusiate da dattawa ya nemi gafara. An karɓa, don ba a mayar da irin wannan, amma Rusiate bai ƙara ce masa uffan ba. Limamin coci ne ya ba shi wurin kwana.

"Ka yi baƙi," ta ce.

"Kin rame."

Ta zauna gefensa. Ta ce ta yarda da maganar da bai kamata ta yarda da ita ba. Ya ce shi kuma ya ƙi yarda da wadda ya kamata. Hawaye suka zubo mata, bai hana ta ba. Can ya juyo mata da kwamfutar ya ce ya rage nauyin ƙunshin, kowane shafi abin da yake buƙata kawai zai ɗauka, amma kalandar ta gagare shi. Tata ta fi sauƙi, tasa ta fi kyau, ya kasa aurar da su.

"Matsa," ta ce, tana share ido.

Sun kwashe kwanaki a tudun nan. Ranar da suka gama, Rusiate ya hau da kansa, ya danna wayarsa, kalandar ta buɗe. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce shafi dai ya gyaru, amma baƙin da suka tafi ba su dawo ba, ya juya ya sauka.

Unaisi ta zaci an gama ke nan. Ilaitia kuwa ya roƙi Madam ta bar shi ya yi aiki daga tsibirin. Ya rubuta wa iyalin da aka bari a rana ya ba su haƙuri da sunansa. Duk jirgin da ya sauka, shi ke zuwa tarar baƙi, yana amai a kwale-kwale matasa na tsokanarsa. A hankali ɗakuna suka fara cika, mata suka koma hura wuta. Rusiate bai ce ya huce ba. Wata rana dai ya aika a ce wa yaron nan ya daina cin abinci a gidan limami kamar marar kowa.

Semesa ya bar kamfanin kafin ƙarshen shekara. Bayan Kirsimeti kawunnan Ilaitia suka zo da haƙorin whale, ƙaton kifin teku, wanda da shi ake neman aure a al'adarsu. Rusiate ya riƙe shi a hannu har mutane suka fara kallon juna, kana ya ce ya karɓa.

An ɗaura aure a cocin ƙauyen, an shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofa har bakin ruwa, aka tone ramin da aka gasa abinci a ciki, ƙamshi ya cika gari. Da aka natsa, Rusiate ya dafa kawunansu biyu.

"Na ba ka ita ina sane da ka taɓa yin kuskure, don na ga abin da kake yi bayan kuskure. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, Ya sa gidanku ya zama wurin da ba a barin kowa a waje."

Jama'a suka amsa da amin. Unaisi ta lalubo hannun mijinta ta riƙe gam.